Na Tuƙa Irin Uwata da Hannuna

Da tsufana na koyi rubutu, a ajin manya da ake mana nan cikin Birnin Gwari bayan la'asar. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Malamarmu, wata 'yar kudancin Kaduna mai haƙurin tsiya, ta ce kowacce ta rubuta labarin wani babban mutum da ta sani. Sauran mata duk suka ɗauko iyayensu da mazajensu da suka mutu. Sun yi wayo, wanda ke kabari ba zai tashi gobe ya ba ka kunya ba. Ni na ce Sarkin Noman ƙauyenmu zan rubuta. Da ransa, lafiyarsa ƙalau, har tumbi ya ajiye.

Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba. Can wajen Kazage yake, a bakin daji, kuma yanzu ba kowa cikinsa sai gara da ƙadangaru.

Bari in fara da dawar, don in ba ku san ta ba za ku ce tsohuwa ta haukace a kan hatsi. Uwata ta zo gidan aure da ita. Ni ma ranar da aka kai ni, zangarniyarta na cikin kayana, a ƙasan ƙwarya. Ja ce, amma ba ja ƙwarai ba. In ta nuna sai kanta ya lanƙwaso ƙasa, shi ya sa a gidanmu 'yar sunkuye muke ce mata. Ciyawar ƙuduji ba ta cika kashe ta ba, tsuntsu bai son ta, tuwonta kuma in ya kwana sai ya fi daɗi. Ba a sayar da ita a kasuwa. Ka zagaye kasuwar Birnin Gwari kaf, ba za ka samu ko cikin tafin hannu ba.

A wajenmu kowane gida da irinsa. Tun dawa na tsaye a gona ake bi a zaɓi manyan zangarnu, a ɗaure su daban, a rataye saman murhu hayaƙi ya riƙa dukansu saboda ƙwari. Ba a sussuke su sai ruwan shuka ya sauka. Yaro ya taɓa ya sha duka, babba ya taɓa ya sha magana.

Wanda ya fi kowa tsare wannan doka shi ne Sarkin Noma. Tsakani da Allah, mutumin ya iya noma. In aka yi gayya ya kama garma, samari sai dai su bi ƙurarsa. Ka miƙa masa zangarniya ya juya ta a hannu, sai ya gaya maka gidan da ta fito, har da kakar da ta kawo ta garin.

Wata shekara ruwa ya yanke mana da wuri, muka shiga yunwa. Tagwayena na ƙanana, kuka dai kuka. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya miƙa hannu ya sauko da irin, ya ce in sussuka. Na zuba a turmi na ɗaga taɓarya, sai ga sallamar Sarkin Noma. Ya leƙa turmin, ya dube ni.

Ya ce, "Uwar 'Yan Biyu, ajiye taɓaryar nan. Iri ba abinci ba ne. In kin ci yau, baɗi me za ki shuka, toka?"

Ya kwashe zangarnun da hannunsa ya mayar saman murhu. Ya fita, sai ga shi ya dawo da damin dawa daga rumbunsa, a kansa ya ɗauko, bai aiko kowa ba. Wannan ya faru, ba zan goge shi ba don yanzu ina jin haushinsa.

To daga ranar na zama 'yar sandarsa. Duk wadda ta zage shi a bakin rijiya, da ni za ta yi. Gayyarsa in ta zo, daddawata mai kyau nake kaiwa, wadda ko maigidana ban sa wa a miya. Yarana sun gaji da jin "ku dubi Sarkin Noma." Da ana ba mace izini ta yi masa roƙo da kalangu, da na rataya.

Sai daji ya lalace. Ba sai na ba ku labarin 'yan bindiga ba, duk wanda ke ƙasar nan ya san nasa. Dajin da muke shiga tsintar ƙwarar kaɗe da ɗorawa ya koma wurin da ko itace ba mai ɗebowa. Aka fara ƙona rumbunan ƙauyukan da ke gabanmu. Bayan girbi maza suka zauna suka ce a tashi, a koma cikin gari.

Mu da ƙafa da babur za mu tafi, ga tukwane, ga jikoki, ga tsofaffi. Sarkin Noma ne kaɗai ya samo a-kori-kura, don ɗansa na da gida a gari. Ya tsaya a dandali ya ce kowane gida ya kawo irinsa a sa a mota, shi zai adana har ruwa ya sauka. Kowacce ta yagi bakin zanenta ta ɗaure nata don kada a rikice. Nawa da jan ƙyalle na ɗaure.

Ina da ƙawa, Bagwariya ce, katanga ɗaya muka yi da ita tun muna amare. Ita ta tsaya tana jan ƙafa.

Ta ce, "Ke, ni ban saba ba namiji ajiyar abin da ake ci ba."

Na ce, "Rufa mana baki! Wannan ai ba namiji ba ne, Sarkin Noma ne."

Ta ce, "To, ke kika sani." Ta miƙa nata, wata farar dawa doguwa ta kakanninta.

A gari muka kama ɗaki ɗaya, ni da ɗana da matarsa da yara. Na koma dakan daddawa ina kaiwa bakin kasuwa. Shi kuwa Sarkin Noma gari ya karɓe shi. Ya ajiye garma ya ɗauki babbar riga. Yau yana wannan ofis, gobe yana wancan, ana ɗaukarsa hoto yana nuna daji da yatsa. Kaushin hannunsa ya tafi, wuya ya yi sulɓi. Ni ko a jikina. Cewa nake, madalla, yanzu manya za su ji maganar manomi daga bakin manomi.

Da bazara ta kama, sai muka ji an naɗa shi ciyaman na wani kwamiti, wai na mayar da manoma gona. Za a yi walima. Matarsa ta aiko a kira matan ƙauyenmu mu zo mu yi girki, wai Sarki ya ce baƙi su ci tuwo irin na gida, ba shinkafar 'yan birni ba. Da gudu na je. Zanen salla na ɗaura don tuƙin tuwo, ku ji hankali.

Gari aka kawo mana cikin buhuna, an riga an niƙo daga inji. Na buɗe na ga launinsa wani iri, shi ba fari ba, shi ba ja ba, shi ba ruwan ƙwai irin na kaura ba. Ban kawo komai ba. Aka ɗora manyan tukwane, na ce ba mai taɓa muciya sai ni. Da na yi talge tururi ya taso, sai ƙanshi ya doke ni. Wallahi ƙanshin ɗakin uwata ne. Na tsaya da muciya a hannu hawaye na zuba.

Na ce wa mata, "Kun gani ko? Mutumin nan har dawa irin ta gida ya nemo mana. Wa zai yi wannan in ba shi ba?"

Ƙawata ta lakato ta ɗanɗana, ta dube ni. Ta ce, "Lalle kam, kamar ta gida." Ban gane kallon ba sai daga baya.

Na tuƙa, na kwashe, na mulmula da kyau. Aka jera kujerun roba, motoci suka cika layi. Sarkin Noma ya kama lasifika ya yi ta zuba. Ya ce shi tun yana yaro ya san darajar iri. Ya ce manomin da ya ci irinsa ya gama yawo. Aka tafa. Ni kuwa daga bayan rumfa na saki guɗa har muryata ta dishe. Manyan baƙi suka ci tuwon da cokali, loma biyu uku suka ture, suka ce a kawo lemo. Ni malmala biyu na tashi da ita, na ƙulla ta uku a leda na kai gida.

Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka. Ɗana ya samo mana aron wata 'yar gona a gefen gari, inda ake iya zuwa a dawo da rai. Na ɗauki ƙwarya na nufi gidan Sarki. Na same shi a zaure kan kujera mai taushi, na durƙusa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an yi ruwa. Na zo karɓar 'yar sunkuye. Mai jan ƙyalle."

Ya ce, "A'a, Uwar 'Yan Biyu! Zo, zo, ai ke ce ta farko." Ya jawo wani kwali ya ciro 'yar jaka ya miƙo mini. Na buɗe. Hatsi ne a ciki an shafe shi da magani, ja wur kamar jan bakin 'yan mata.

Na ce, "Wannan fa?"

"Irin zamani ne. Da wuri yake nuna. Kwamiti ne ya raba."

"Allah ya saka wa kwamiti. Nawa nake nema."

Ya gyara hula. Ya dubi bango, ya dubi waya, ya dubi takalminsa. Ya ce, "Ai an samu 'yar matsala. Ƙwari... ga wurin ajiya... Kin san gari ba kamar ƙauye ba ne." Sai ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Haba, Uwar 'Yan Biyu, dawa ai dawa ce."

Da cewa ya yi ɓarayi sun kwashe, da na yarda. Da cewa ya yi gobara, da na yi masa jaje. Amma wai dawa dawa ce. Daga bakin mutumin da ke juya zangarniya ya faɗi sunan kakarka.

Na tashi ban yi sallama ba, na shige cikin gida wajen matarsa. Tana ganina ta kama kuka.

Ta ce, "Yaya, wallahi na hana shi. Baƙi sun fi yadda aka zata, dawa ta yi tsada, hanya kuma a rufe. Ya ce a sauko da irin, ai kwamiti zai kawo wanda ya fi shi. Duka aka haɗa, har da namu. A bayan gida aka sussuke."

Na ce, "Tuwon walima?"

Ta ɗaga kai alamar e.

Na ce, "Wanda na tuƙa?"

Ta sake ɗaga kai.

To kun ji. Shekarar yunwa, da yara na kuka, an hana ni cin irin uwata. Aka adana mini shi tsaf, aka tsallake da shi wuta da bindiga, don a zo birni a ba masu cokali su yi loma biyu su ture. Ni kuma aka ba ni muciya, na yi guɗa.

Na koma ɗaki na kwanta. Ba ciwo nake ba, amma tuwo ya fita kaina, ko ƙanshinsa ban son ji. Surukata ta yi ta lallashi, wai Inna ki bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma ai shi ma bai ce kar in ji haushi ba. Abin da ya fi cina ba dawar kaɗai ba ce. Shekara da shekaru in zan yi abu sai in ce, da Sarkin Noma ne yaya zai yi? Yanzu in na tambaya, amsa ɗaya ke zuwa: zai kira walima.

Gaisuwa dai ban fasa ba, ba a yi mini tarbiyyar wuce babba ba. In na gan shi a hanya nakan durƙusa har ƙasa. Ranka ya daɗe, ya gida, ya iyali, ya kwamiti, ya baƙi, sun ƙoshi dai ko? Sai ya amsa da sauri ya ƙara mai.

Ina nan kwance aka sake yin ruwa mai yawa. Wata safiya sai ga ƙawata ta faɗo ɗakin ko sallama babu.

Ta ce, "Tashi, sarauniyar tuƙi. Awaki na can na cin gadonki."

Na ce, "Ke, ban da lokacin iskancinki."

Ta ce, "Na biyo ta bayan gidan mutuminki, wanda ba namiji ba. Jujin da aka zubar da ƙaiƙayi ya yi kore shar. Gyauro ne ya fito. Masu sussukar birni ba su iya ba, rabin ƙwayar a ƙaiƙayi suka bari."

Ban san lokacin da na ɗaura zane ba. Na ɗauki fartanya da daro, ita ta ɗauki sanda saboda awaki.

Gaskiya ta faɗa. A kan juji, tsakanin ledoji da gwangwanaye da ƙasusuwan walima, dawa ta tsiro cunkus, ta kai kamu guda. Awaki sun aske gefe ɗaya. Ta wane gida ce, oho, a wannan girman ko Sarkin Noman da can bai isa ya bambance ba. Na ce duka za mu kwashe. Muka durƙusa muna tono a hankali, kowane tsiro da ƙasarsa a gindi.

Jujin kuwa daga gefen gidan yake, ana hango shi daga ƙofar zaure, kuma ranar Sarki na da baƙi 'yan kwamiti a waje. Tsofaffi biyu cikin shararsa, ɗuwawu sama. Na ji hira ta tsaya. Can sai ga shi ya taho yana tattare riga kada ta taɓa ƙazanta.

Ya rage murya ya ce, "Uwar 'Yan Biyu, lafiya? Me kike nema a juji?"

Ni ban rage tawa ba. Na ce, "Ajiyata, ranka ya daɗe. Ashe nan ka adana mana."

"Haba, ki tashi, mutane na kallo. In abinci ne a auno miki."

"Abinci ai na ci, har guɗa na yi. Wannan iri ne. Wani babban mutum ya taɓa gaya mini iri ba abinci ba ne. Ko ka san shi? Dogo haka, yana da garma."

Ƙawata ta ce, "Ai ya rasu. A hanyar zuwa gari ya faɗo daga a-kori-kura."

Wani cikin baƙin ya yi tari irin na mai ɓoye dariya. Sarkin Noma ya tsaya yana kallon daron. Na zaci faɗa zai yi. Sai na ji ya ce a hankali, "Ku rage musu ganye kafin ku dasa. Kuma ku jira rana ta yi sanyi." Ya juya ya koma.

Ƙawata ta ce, "Af, ashe da sauran numfashi."

Na sani ba sai ya gaya mini ba, ina dashe tun kafin ya yi gemu. Amma na rage ganyen, na jira la'asar.

Muka dasa a gonar aro, kunya kaɗan, sauran wurin ɗana ya shuka na jakar kwamiti, don ciki ba ya jiran zuciya ta huce. Wasu suka bushe, wasu suka kama. Damina guda ina zarya. Na yi faɗa da awaki, na yi faɗa da masu awaki. Kullum sai na bi kunya ina leƙen kawunansu kamar mai jiran haihuwa, ban san ko tawa na ciki ba, ko dawar wasu nake wa bauta.

Da suka fitar da kai sai gona ta zama abin kallo. Wannan doguwa, wannan gajera, wannan fara, wannan kaura, kamar an tara ƙauyenmu an tsayar a layi. Tawa ba ta nuna kanta da wuri, sai ƙwaya ta yi nauyi. Ina ta jira. Ran nan na zo da safe, can ƙarshen kunya na hango wasu 'yan tsiraru, ba su kai yatsun hannu biyu ba, sun lanƙwasar da kai ƙasa. Na zauna a kan kunyar. Ban yi guɗa ba, na daina wannan sana'ar.

Labari ya bazu, matan ƙauyenmu suka riƙa zuwa. Kowacce ta bi layi tana dubawa, sai ka ji, "Ga tamu!" Wasu suka samu, wasu suka koma hannu biyu. Farar ƙawata doguwa ko ɗaya ba ta fito ba. Ita da ba ta so bayarwa ba, ita ce ta rasa. Ta zagaya gonar har ta gaji.

Ta ce, "Tawa ta shiga cikin manya, ta yi gaba. Yanzu haka tana Kaduna."

Na raba 'yar sunkuye biyu na ba ta rabi. Ta karɓa ta ce ja ce, tuwonta bai kai na tata ba, amma za ta yi maneji.

Ana gab da yanka sai ga Sarkin Noma, shi kaɗai, ba mota, ba babbar riga. Ya tsaya a bakin gona bai shigo ba. Na gaishe shi yadda na saba, har da ya kwamiti. Ya ce kwamiti an rushe. Na ce Allah sarki, ko za a yi walima? Idonsa na kan wata kaura mai gajeren kara a tsakiyar kunya.

Ya ce, "Waccan ta babana ce."

Na ce, "Haba, ranka ya daɗe. Dawa ai dawa ce."

Ya sunkuyar da kai, ya fi dawata sunkuyo. Na bar shi a haka ya ɗan jima, don ni ma na jima. Sannan na tuna damin da ya ɗauko a kansa shekarar yunwa. Na shiga na yanko kaurar, zangarnu ne 'yan kaɗan, na yagi bakin zanena na ɗaure. Ya miƙo hannu biyu.

Na ce, "A'a. Ba kai ba."

Na wuce shi na tafi har gidansa, yana bina a baya kamar wanda aka aika. Na damƙa wa matarsa.

Na ce, "Ki rataye saman murhunki, can sama, inda sai ya taka turmi zai kai. In kin ji ana zancen baƙi, ki aiko a kira ni."

Tawa kuwa tana nan rataye a 'yar rumfar da nake girki, da jan ƙyallenta. Mai gidan da muke haya ya yi ta mita wai hayaƙi na ɓata masa kwanon rufi, wai me ya sa ba zan zuba a gwangwani in kai ajiya wurin wani mai babban gida ba.

Na ce masa na taɓa kaiwa, kuma tuwon ya yi daɗi.